Aron Murya

Tun da likitoci suka yi wa Aradu aiki a maƙogwaro sunan nan ya zame masa kaya. Mutumin da a zamanin dandamali yake magana ba makirfo, na kujerar ƙarshe ya ji abin har ƙirjinsa, yau in yana son shayi sai ya taɓa kafaɗar mai shayin, shi kuma ya miƙo kunne. Abin da ke fita daga bakinsa iska ce kawai mai ɗan kaushi, kamar ana jan tsintsiya a kan siminti. Duk da haka mutane ba su fasa ba. A bakin titi direbobi na leƙo kai su ce Aradu, a tsawata mana mu ji, shi kuma ya ɗaga musu hannu ya yi murmushi, su wuce suna cewa tsohon akwai jan aji.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa Aradu ba, wato yayarsa. Ita Auta take ce masa, ko da furfura ta gama cinye masa kai. Ita ta raine shi bayan iyayensu sun rasu, da keken ɗinkinta ta biya masa makaranta, kuma da ya ce shi wasan kwaikwayo zai yi, ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba, sannan ta ɗauko zanin gadonta ta ɗinka masa shi da abokan wasansa labulen dandamali na farko. Tun daga nan ba a taɓa buɗe sabon wasa ba tare da tana kujerar gaba ba. Da ya koma talabijin yana fitowa shugaban makaranta mai tsanani, wanda yara ke jin muryarsa su gyara zama a gidajen iyayensu, ita ce mai tara maƙwabta a tsakar gida tana hana kowa tari. Da fim ya zo ya yi sarki, ya yi ɗan fashi, ya gangaro ya zama uba, ya zama kaka, duk tana biye, tana kuma yi masa gyara kamar ita ta rubuta labarin.

Ciwon suga ya cinye mata ido a hankali. Matarsa ta riga ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama garinsa, sai ya ɗauko Yaya ya ba ta ɗakin da ke kallon tsakar gida, ita da ƙaramin rediyonta. Ba ta yi wa kowa kukan makanta ba. Cewa ta yi ita dama ba fuskarsa take zuwa kallo ba, me ke cikin fuskar, hanci kamar murfin tukunya? Muryar take zuwa ji, kuma kunnenta ras yake. Ba a jima ba muryar ita ma ta tafi. Ya zama ita ba ta ganinsa, shi ba ya jiyuwa, suna gida ɗaya kamar an raba su da kogi.

Sai dai Yaya tana da wani imani da ta ɗauko a wajen 'yan wasa, ta riƙe shi fiye da su. Su 'yan wasa sukan ce dandamali ya fi likita. Mutum zai zo da ciwon haƙori ko ciwon baya, da zarar an ja labule ya nemi ciwon ya rasa, sai an gama tafi ya dawo ya same shi a bayan fage. Ta ga haka da idonta lokacin tana da ido: an taɓa kawo Auta a kafaɗa zazzaɓi na kaɗa shi, ya shiga ya yi wasa har ƙarshe yana tsawa, ya fito ya faɗi a kan buhun kayan wasa. Saboda haka duk bayanin da likita ya yi kan abin da aka yanke da abin da ba ya tsirowa, ta kunnen hagu ya shiga ya fita ta dama. Ita dai a ba shi aiki kawai a gani.

Aikin kuwa ya zo. Wata darakta ce ta kawo shi, 'yar tsohon abokinsa mai kula da fitilun dandamali, yarinyar da ya sha saɓawa a wuya a wurin gwajin wasa, yanzu ta zama babbar mace mai mota da tabarau. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Kawu, akwai wani tsohon direban jirgin ƙasa a fim ɗinta wanda ba ta ga mai yin sa ba sai shi. Ya nuna mata maƙogwaronsa. Ta ce ta sani, fuskar take so yanzu, maganar murya kuma sai an gama ɗauka a shiga situdiyo a ɗora, kuma injinan zamani ba abin da ba sa ɗagawa. Kafin ya ba da amsa Yaya ta amsa daga bayan labulen ɗakinta, ta ce ya yarda, a kawo takardun.

Ɗaukar fim ɗin ta yi kyau, ba a cewa komai. Tsohon hannu ne, ya san inda kyamara take ko ya juya mata baya, kuma shirun da ya yi shekarun nan ya koya wa fuskarsa magana. A situdiyo ne asiri ya tonu. Aka shigar da shi wani ɗan ɗaki mai bango da soso, aka rufe ƙofa mai nauyi, aka sa masa abin ji a kunne, ga hotonsa a allo leɓɓansa na motsi. Ya buɗe baki ya bi su. Mai sauti yana bayan gilashi yana murɗa wannan yana tura wancan, gumi na keto masa duk da sanyin ɗakin. Injin ya ɗaga, ba a ce bai ɗaga ba, amma abin da aka ba shi ya ɗaga, tsintsiyar nan ce ta ƙara girma. Aka sake, aka kuma sakewa. Daga baya darakta ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa, tabarau ɗin da ba abin da ya same shi.

Da ya koma gida Yaya na zaune a bakin ƙofarta, ta ji takunsa tun daga zaure. Ba ta bari ya zauna ba.

"Muryar ta dawo ko?"

Ya dubi fuskarta. Rabonsa da ya ga wannan hasken a kanta tun tana da ido. Ya kama hannunta ya matsa sau ɗaya, wanda a tsakaninsu yake nufin e. Ta ɗaga hannu sama ta yi hamdala, ta ce dama ta faɗa, likitoci karatu suka yi, ita kuwa gani ta yi. Ta ce ranar da za a nuna fim ɗin ko a kan gadon asibiti take a ɗauke ta a kai ta.

Wanda aka kawo ya ɗora muryar a madadinsa ana ce masa Aku. Magidanci ne mai tumbi da fara'a, tallace-tallace yake yi a rediyo, kuma tun yana makaranta da kwaikwayon Aradu yake cin abinci a wajen abokai. Ya cire hula ya gaida maigida da ladabi har yana in'ina, ya ce yau mafarkinsa ya cika. Ya shiga ɗakin soso ya saki murya, gilashi ya amsa. Mai sauti ya yi tafi, darakta ta sauke ajiyar zuciya. Aradu kuwa jikinsa ya yi sanyi. Abin da ya ji Aradun direbobi ne, na bakin titi, tsawa tun daga farko har ƙarshe. Duniya za ta yarda, amma Yaya kafin a ƙare jimla ɗaya za ta ce wane ne wannan yake yi wa ƙanena ba'a.

Ya buga gilashin da yatsa, ya yi alama a buɗe masa. Ya jawo kujera ya zauna kusa da Aku, ya kai baki kunnensa.

Haka suka yi ta yi har makonni. Wanda ba shi da murya yana koya wa mai murya. Ya nuna masa cewa tsawar ba a maƙogwaro take ba, a ciki take, kuma ba a sakinta sai an ja wa mai sauraro rai. Ya nuna masa inda yake jan numfashi a tsakiyar magana ba a ƙarshenta ba, da yadda yake barin kalmar ƙarshe ta faɗi ƙasa in abin ya yi nauyi. Abubuwan da ya tara tun zamanin labulen zanin gado, waɗanda ko abokan wasansa ya ƙi gaya wa, ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya yana miƙawa. Aku mutumin kirki ne, kuma kunnensa kamar tarko, abin da ya shiga ba ya fita. Kullum da safe sai ya zo wa maigida da ruwan zafi da zuma a fulas, ko da yake duk sun san zuma ta makara.

Saura wuri ɗaya. A fim ɗin akwai inda tsohon direba zai tsaya a bakin ƙofa ya gaya wa jikarsa cewa ubanta ba zai dawo ba. Aku ya yi shi da kuka, ya yi shi ba kuka, duk ya yi kyau, darakta ta ce ya isa haka. Aradu ya girgiza kai. Ya san abin da ya rage, kuma ya yi kwanaki yana kewaye shi kamar mai kewaye rijiya.

Mahaifinsu kafinta ne, mutum marar yawan magana. In ya zo da mugun labari yakan tsaya a bakin ƙofa ya fara gyaran murya, sai ta sarƙe masa a tsakiya, ya haɗiye ragowar. Rabin gyaran murya ke nan, ba ta cika ba. Ita suka ji ranar da ya dawo daga asibiti ba tare da mahaifiyarsu ba, Auta na riƙe da gefen zanin Yaya. Da ya zama ɗan wasa ya ɗauki abin nan ya adana. Bai yi amfani da shi ba sai a wasannin da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma 'yan kallo ba su taɓa lura ba, sai dai su ji tsigar jikinsu ta tashi ba su san dalili ba. Yaya kaɗai ta sani. In sun dawo gida takan ce yau ka kawo Baba. Mutumin bai bar musu gida ba, bai bar hoto ba, wannan ɗin ne gadonsu su biyu.

Ya san in babu shi a wannan wurin, Yaya za ta gane. Ya kuma san in ya bayar ya bayar ke nan. Ranar da ya yanke shawara ya tarar ma ba zai iya yin abin ya nuna ba, maƙogwaron ya ƙi. Sai ya kama hannun Aku ya ɗora a wuyansa, a kan tabon aikin, ya yi motsin ba sauti, ya sake yi, yana raɗa masa cewa ka fara kamar za ka nemi izinin shiga, sai ka tuna abin da ka zo faɗa. Aku ya gwada ya zarce. Ya gwada ya gaza. Can ya rufe ido ya yi, sai ga kafinta a bakin ƙofa da ƙurar katako a gashin hannunsa. Aradu ya miƙe ya fita, ya tsaya a bayan ginin wajen da injin sanyaya ɗaki ke ɗigar da ruwa, ya yi kukan da ba mai ji.

Da la'asar aka nuna fim ɗin, a babban ɗakin sinima, aka gayyaci 'yan wasa da iyalansu. Yaya ta sa kayan da ta ɗinka wa kanta tun ido na gani, ta ce a kai ta kujerar gaba. Aka ce mata gaba ba ta da daɗin kallo, ta ce wa ya ce musu kallo ta zo. Ta riƙe wuyan hannunsa, fitilu suka mutu.

A nan ne Aradu ya gane wani abu game da kansa wanda bai yi masa daɗi ba. Makonni ya yi yana wahala don kada ta gane, amma da ya zauna a duhun nan sai ya ji duk zuciyarsa roƙo take ta gane. So yake ta juyo ta ce Auta, wannan ba kai ba ne. Ya yarda ta yi fushi, ta yi kwana da kwanaki ba ta yi masa magana ba kamar da, in dai za a ce akwai mutum ɗaya a duniya da ba a iya yi wa musanyensa.

Tsohon direba ya fito a allo ya yi maganarsa ta farko. Yatsunta suka ƙara matse shi. Ta gyara zama, ta karkatar da kai gefe yadda take yi in tana neman kuskure, ya daina numfashi yana jira. Ba ta samu ba. Ta yi dariya a inda ake dariya, ta yi tsaki da mugun fim ɗin ya yi masa rashin kunya, har ta zungure shi da gwiwar hannu ta ce ya cika jan magana a wuri kaza, halinsa ne tun yana yaro. Da aka zo bakin ƙofar nan, lasifika ta saki rabin gyaran murya, ta haɗiye ragowar. Ya ji hannunta ya saki, sannan ya ji ta ce, a hankali, ba da shi take ba:

"Baba."

Da aka kunna fitilu mutane suka miƙe suna tafi, suka yanyame shi. Ya hango Aku can baya kusa da ƙofa yana tafi fiye da kowa, ya cika alkawarin da ya yi na cewa ba zai matso kusa da Yaya ba. Ita kuwa ba ta tashi ba, fuskarta sharkaf da hawaye. Ta laluba ta kamo kunnensa kamar yadda take yi yana ƙarami, ta jawo shi.

"Tun labulen zanin gado nake jin ka, Auta. Ba ka taɓa yi kamar yau ba."

Ya matsa hannunta sau ɗaya. A mota ta yi ta ba direba labarin zazzaɓin nan da buhun kayan wasa, shi kuma yana kallon titi ta taga.

Fim ɗin ya karɓu. Aka yi ta kiran waya ana taya shi murna, jaridu suka ce tsohon zaki ya farka. Waɗanda ke cikin sana'ar sun san gaskiya, kuma su ma ba su yi asara ba, don yanzu sun san inda ake samun muryar Aradu ba tare da an ɗauko tsoho an sa masa kujera da fanka ba. Aiki ya yi wa Aku yawa. Ba za a ce ya ci amana ba, ba wanda ya ce masa ya mayar da abin da aka ba shi, kuma irin wannan ba a mayarwa. Muryar ta zauna masa, ko gaisawa yake da mutane a tsakiyar magana yake jan numfashi. Ba a yi wata biyu ba wani kamfanin maganin tari ya saki talla a rediyo da muryar Aku. Tallan na farawa ne da wani dattijo da ya fara gyaran murya ta sarƙe masa.

A shagon aski Aradu ya fara jin sa, an gama masa rabin kai. Ya zauna har aka ƙarasa don ba yadda zai yi. A hanya ya yanke cewa abin ya isa, zai gaya mata, in ya so ta tsine masa. Gara ta san ƙanenta ba shi da murya da a ce ubansu na yawo a gari yana tallan magani.

Washegari da hantsi ya haɗa mata shayi ya ɗauka ya nufi ɗakinta. Tana zaune a bakin gado, rediyo a cinya, ta sunkuyar da kai kamar mai lallashin jariri. Ya tsaya a bakin ƙofa da abin da ya zo faɗa. Ba da niyya ba ya ji maƙogwaronsa ya ɗauko gyaran murya, irin ta gidansu, ba ta wasa ba, karo na farko a rayuwarsa da ta zo da kanta. Ba abin da ya fita. Yaya, wadda da take jin takunsa tun daga zaure, ba ta ko ɗago ba. Kunnenta na wani wuri.

Ya ƙarasa ya ajiye kofin, ya zauna kusa da ita, ya kai baki kunnenta. Ya ce Yaya, akwai maganar da zan gaya miki. Daidai nan kiɗan tallan ya taso. Ta ɗaga hannu ta rufe masa baki da tafinta.

"Dakata, Auta. Ga ka nan."

Ta ƙara sauti. Suka zauna su biyu suna sauraro, tafinta a kan leɓɓansa, kafinta ya tsaya a bakin ƙofa ya haɗiye ragowar, sannan aka faɗi sunan maganin da inda ake samunsa. Da aka gama ta rage sautin, tana murmushi. Ta ce da farko ta so ta ci masa mutunci, a ce duk duniya ya rasa inda zai kai Baba sai tallan maganin tari. Amma da ta kwana ta tashi sai ta ga ai gata ya yi mata. Da sai ta yi shekaru ba ta ji su ba, yanzu kuwa safe da rana da yamma suna shigo mata har ɗaki, su biyu, ta ma san lokutan da ake sakawa, ba ta yarda barci ya ɗauke ta. Ta ce ita yanzu ko yau aka kira ta ba ta da sauran buri.

Sannan ta tuna, ta juyo da fuskarta wajen da take zaton tasa take, ta ɗan kauce kaɗan.

"Me za ka ce ɗazu?"

Ya dubi rediyon, ya dubi hannunta da ke shafa shi. Ya raɗa mata cewa shayinta zai huce.

"To shi ne sai ka yi magana? Taɓa ni kawai za ka yi. Daina ɓata muryar a kaina, ka adana ta saboda aiki."

Ya ɗauko kofin ya sa mata a hannu, ya naɗe yatsunta a jikinsa. Ta kurɓa, ta ce sukari ya yi kaɗan, ta mayar da kunnenta ga rediyo. Ya zauna bai tashi ba har shayin ya ƙare, sannan ya karɓi kofin ya fita da shi wajen famfo.